Bajimi da Kwalin Ashana

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma kakana na wajen uwa ya riga mu komawa. Ya rasu a Batsari, a kan katifa, a ɗakin da ’yarsa ta share masa. An yi masa wanka, an sallace shi, an kai shi makwancinsa da rana tsaka mutane na biye. Wanda bai zauna a yankinmu cikin shekarun nan ba zai ce mene ne abin faɗa a ciki. Mu mun san abin faɗa ne, domin tsararrakinsa da yawa a gona ko a hanya ajali ya same su, wasu ma ba a samu abin binnewa ba.

Ranar sadakar uku mutanen ƙauyenmu suka zo a a-kori-kura guda, suka cika ƙofar gidan babana. Ni ina daga cikin zaure ina miƙa kwanukan abinci, kunnena yana waje.

Ladan ne ya fara. Ya shafa addu’a, ya ce, “Allah shi jiƙan Malam. Tun da ya baro mu kiran salla ya rame. Wanga ƙaramin akwatin lasifika da ya bar mini, ƙara gare shi, amma ba ya da ƙirji.”

Wani tsohon makiyayi, wanda ɓarayin daji suka kore masa garke bai tsira da ko maraƙi ba, ya ce shi ba ruwansa da akwati, abin da ya sani shi ne shanunsa na ɗaga kai idan Malam ya yi magana. Maƙwabcin kakana, manomi ne Kirista, ya jawo hularsa ya rufe fuska. Kafin tuwo ya huce ta’aziyya ta koma musu. Kowa na cewa ai ranar gwaji an ji da kunne, tsohon akwati ya kayar da sabo, magana ta ƙare. Suka juya wajen babana, mai masaukinsu, surukin mamacin. Yana zaune a bakin tabarma kansa a ƙasa, ya ce, “Haka ne.”

Ni na san ba haka ba ne, domin ina ɗakin ranar gwajin. Da baƙi suka watse na tambayi babana ko zan iya rubuta abin da ya faru, kada Tsoho ya tafi da rabin labarinsa. Ya ce in rubuta, yanzu babu wanda zai ji kunya sai shi.

Tsoho nake kiransa, shi kuma ya kira ni Amarya, tun ina rarrafe har na haifi ’ya’yana. Tun kafin a haife ni shi ne mai lasifikar ƙauyenmu, can bayan Yasore. Da kuɗin gyaɗa ya sayo akwatin amfilifaya a Kano, wato injin da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta fita ta bakin lasifika. Ƙarfe ne zalla, sai ƙarti biyu sun kama yake tashi, shi ya sa ya raɗa masa Bajimi. A zaurensa yake ajiye shi, lulluɓe da wani mayafi da ya fi rigar jikinsa kyau, waya ta bi bango ta hau bishiyar darbejiyar masallaci, inda lasifikar take ɗaure.

Duk abin da gari zai ji, ta bakinsa yake ji: suna, ɗaurin aure, ɓatan akuya, zuwan masu allurar shanu. Ba ya hura makirfo da baki, ya ce rashin ladabi ne ka fara tofa wa mutane iska kafin ka gaishe su. Ƙwanƙwasa shi yake yi da farce, sannan ya yi sallama a hankali. In sanarwar rasuwa ce, sai ya yi gyaran murya ya yi shiru na ɗan lokaci, wai a ba mai tulu a kai damar sauke shi. Kuma bai taɓa karɓar ko goro a kan sanarwar mutuwa ba. Idan Kirsimeti ta zo, da kansa yake sa a ɗora Bajimi a amalanke a kai cocin unguwar su maƙwabcinsa. Ya haɗa musu waya, ya koma gindin wata ɗorawa daga nesa ya zauna yana saurare, in ya ji muryar mata ta yi kaifi ya aika a rage. Wani malami ya taɓa yi masa magana a kan haka. Ya ce shi bai je salla ba, aiki ya je dubawa, kuma ba zai bari a ce kayansa na kuka a gidan maƙwabci ba.

Ba mutum ne mai sauƙi ba, kada a ce na yi masa kwalliya. In ana maganar sauti, kowa kurma ne sai shi. Yana da kalmominsa. Murya tana da ƙirji, tana da maƙogwaro, tana da hanci, kuma injin kirki shi ne wanda zai kai ukun nan har fadama ba tare da ya zubar da ɗaya a hanya ba. Mutane na cewa gani ya kori ji, shi kuwa cewa yake yi ido maƙaryaci ne, ana saye shi da fenti.

Sai Allah ya haɗa shi da suruki mai gyaran rediyo. Babana yana da shago a Batsari, daga rediyo ya koma waya, daga waya ya koma haɗa sola. Ya kamata a ce sun zama aminai, to amma kunya ta shiga tsakani. Tun da babana ya auri innata bai taɓa haɗa ido da Tsoho ba. Daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa, ya gaishe shi, duk abin da aka ce masa ya ce haka ne, Baba. Tsoho bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai “mutumin Batsari”. Innata kuwa ita ce ’yar fari, ita ma ba ya kiran sunanta, ba ya doguwar magana da ita. A gidan nan kaf, mutum ɗaya ce za ta iya tsayawa gabansa ta ce masa ya yi kuskure a yi dariya, ita ce jikarsa. Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu harshe ɗaya.

Da abubuwa suka lalace, aikin Bajimi ya canza. In ’yan bindiga suka doso, mutane kan watse cikin dawa da ramukan kwari, su kwanta su yi shiru. Ba mai fitowa sai ya ji Tsoho ta lasifika yana cewa a komo gida, lafiya ta samu. Muryarsa suke jira, ba kalmomin ba. Dalili kuwa, a wani ƙauye can wajen Runka ɓarayin sun taɓa shiga masallaci, ɗayansu ya ɗauki makirfo ya kira mutane su dawo, wasu suka dawo. Tun daga ranar kowa ya koyi tambayar kansa wane ne ke magana kafin ya ɗaga kai daga cikin kara.

Da yawanmu mun koma Batsari da Safana, wanda ya samu ɗakin haya ya samu, wanda bai samu ba ya raɓa da dangi. Tsoho ya ce ba inda za shi. Bajimi ba ya jin maganar kowa sai tasa, wutarsa na jan mutum in bai san inda zai taɓa ba, ladan ma tsoronsa yake ji. In ya tafi, wa zai kira mutane? Innata ta rame. Kowane babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Babana yana ganin haka, amma suruki ba ya ce wa uban matarsa tashi mu tafi.

Wata rana ya dawo daga Katsina da wani ɗan akwati da bai fi tafin hannuna biyu ba. Ya ce sunansa Kilas Di, sabon samfurin amfilifaya ne. Ba ya nauyi, ba ya zafi, ƙaramin batir da faifan sola ɗaya sun ishe shi, kuma ko yaro zai iya kunna shi. Ya miƙa mini ya ce, “Ki kai wa Baba, ki ce ina gaishe shi, ya duba mini wannan ko yana da kirki.” Na gane abin da yake nufi. In ladan zai iya aiki da wannan, Tsoho ba shi da sauran hujjar zama.

Tsoho ma ya gane, ai ba yaro ba ne. Ya karɓa ya jinjina shi a hannu ɗaya, ya juya shi, ya shinshina.

“Amarya, mi ne ne wanga? Kwalin ashana?”

“Magajin Bajimi ne, Tsoho. Kai ma ka kusa samun magaji a wurina in ba ka yi hankali ba.”

“Abin da ba ya da nauyi ba ya da magana,” in ji shi. Sunan Kwalin Ashana ya bi ɗan akwatin daga ranar.

Daga nan musu ya tashi, ni ce hanyarsa. Lokacin akwai layin waya, wani saƙon ta waya nake kaiwa, wani sai ranar kasuwa in bi masu babur. Babana ya ce in bayyana masa cewa Bajimi kamar murhu ne da ake barin wuta na ci ko da tukunya ko babu, shi ya sa yake zafi yake shanye batir. Shi kuwa sabon kunnawa da kashewa yake yi, da saurin da kunne ba zai iya bi ba. Na kai saƙo yadda aka ba ni. Tsoho ya tafa hannu.

“Ya hwaɗi da bakinai. Kunna, kashe. Wato yanka murya shi ke yi gunduwa-gunduwa, sannan shi ɗinke. Ki tambaye shi, in aka yanka rago aka ɗinke, yana kuka?”

Na kai wa babana. Ya yi murmushin da ban saba gani ba, ya ce in gaishe da Baba, in kuma tuna masa cewa wayar da yake jin muryata da ita irin wannan ne a cikinta, kuma bai taɓa cewa ba ni ba ce.

“Dama na ji muryarki ta lalace,” in ji Tsoho. “Na ɗauka aure ne.”

Ya gwada Kwalin a zaure shi kaɗai, ya aiko da hukunci: kaifi ya yi yawa, ƙirji babu, kowa ya yi magana a ciki sai ya koma ɗan hanci ɗaya. Furar inji ce, in ji shi, tana cika ciki amma ba dakan turmi ba ce. Ya kuma kama shi da wani laifi na gaskiya, in an kunna shi rediyon Tsoho sai ta ɗauki zuuu har ba a jin labarai. Babana ya amsa wannan laifin, ya karɓi akwatin ya kwana biyu yana ƙara masa wasu ’yan ƙananan kaya, ya mayar. Zuuu ta tafi. Tsoho ya ce to, an yi wa kuturu zobe. Har babana ya nuna mini a wayarsa wasu Turawa masu furfura suna wannan musun dai, wasu na cewa sabon ya fi tsabta, wasu na cewa tsohon ya fi ɗumi. Da na gaya wa Tsoho sai ya gyara zama, ya ce ashe can ma akwai masu hankali, su waɗanne ne suka fi yawa?

Na yi fushi da su biyun ba sau ɗaya ba. Ana sace mutane a hanyar da nake bi, su suna aike na da maganar ƙirji da hanci. Amma ina lura da wani abu. Ranar da na dawo da amsa, babana kan rufe shago da wuri ya zauna ya ce, “To, me ya ce?” Tsoho kuwa kafin in sauka daga babur ya fito ƙofa. Shekara da shekaru suna gaisawa, sai yanzu suke hira.

Sai aka hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layin waya. Janaretar da ke ba Bajimi wuta ta kwanta. Bajimi ya koma kan tsohon batirin mota, wanda kafin Tsoho ya gama sallama ya fara numfashi sama-sama. Innata ta daina cin abincin kirki. Rannan na je ƙauye ba da saƙon kowa ba, na ajiye wasa na ce masa, “Tsoho, ’yarka za ta mutu kafin kai.” Bai taɓa jin na yi masa magana da wannan muryar ba. Ya kalli mayafin Bajimi, sannan ya ce a yi gwaji. A aika mutane fadama, ya yi kira da akwatin nan biyu, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. In suka shaida muryarsa a Kwalin Ashana, zai danƙa wa ladan ya biyo ni Batsari. In ba su shaida ba, kada a sake tayar masa da maganar.

Muka zo da babana ranar wata Laraba bayan azahar. Tsoho ya kafa sharaɗi ta bakina: Bajimi ba zai yi kokawa da yunwa ba, sai an tayar masa da janareta, kuma a bar ta tana ruri a kira biyun don kada ƙararta ta tona asiri. Fetur babu. Babana ya ɗauki tiyo ya zuƙo daga tankin babur ɗinsa, wanda za mu koma gida da shi, ya zuba wa abokin hamayyarsa. Ladan da makiyayin nan da maƙwabcin Tsoho da wasu tsofaffin mata suka tafi fadama, sauran gari suka tsaya a ƙofar masallaci. A zaure mu uku ne. Babana yana durƙushe wajen wayoyi ya ba Tsoho baya, Tsoho yana kallon bango.

Da Bajimi aka fara. Tsoho ya ƙwanƙwasa makirfo, ya yi sallama, ya ce, “Jama’a, ku komo gida, lahiya ta samu.” Babana ya cire waya ya mayar kan Kwalin Ashana. Tsoho ya maimaita. Ni ban san ƙirji ba ban san hanci ba, amma ko daga cikin zaure na ji bambanci, kuma na ga Tsoho ya ji. Bajimi ya tsufa. Wani kakari yake yi a ƙarƙashin murya, wanda kunnen da ya saba da shi kullum ya daina ji. Sai da aka jera su ya fito fili.

Mutanen fadama suka dawo suna ta surutu. Bakinsu ɗaya. Kira na farko, in ji wata tsohuwa, kamar Malam ne yana mura, da a cikin kara take da ta ƙara jira. Na biyu kuwa shi ne sak, har numfashin da yake ja kafin ya ce jama’a.

Ladan ya ɗaga murya don gari ya ji, ya ce, “Na biyun ai Bajimi ne, ko kurma ya sani. Ko ba haka ba, mutumin Batsari?”

Mun ci. Kalma ɗaya babana zai faɗa mu tafi da Tsoho. Ya fito ƙofar zaure, ya dubi jama’a, ya dubi ƙafafun surukinsa. Sai ya durƙusa.

“Haka ne,” in ji shi. “Na biyun na Baba ne.”

Aka ɗauki sowa. Mata na yi wa Tsoho barka, ladan na cewa ai dama tsohon hannu ba wasa ba. Na juya na kalli Tsoho ina jiran ya gyara maganar. Shi kuwa waya kawai yake naɗewa a gwiwar hannu, a hankali. Ni kuma ba zan ƙaryata ubana a gaban gari ba. Muka hau babur, babana ya bar Kwalin Ashana da batirinsa da faifan solar a zaure kamar ya manta.

Fetur ya ƙare mana kafin Batsari, muka sauka muna turawa. A nan na yi wa babana maganar da ban taɓa yi masa ba.

“Baba, ɗaukarsa fa muka zo yi.”

“Na sani.”

“To me ya sa?”

“In tsaya gaban garinsa in ce kunnensa ya mutu? Abin da suka san shi da shi ke nan tun kafin a haife ki.”

“Gara ya ji kunya yana da rai.”

Ya ci gaba da tura babur, na ga wuyansa ya jiƙe da gumi, kuma har muka shiga gari bai sake ɗaga kai ba. Na yi kwanaki ba na gaishe shi da sakin fuska. Allah Ya yafe mini, a raina na riga na ɗora masa alhakin duk abin da zai samu Tsoho. Shi ma ya ɗora wa kansa, domin ya daina zama cin abinci a tsakar gida inda zai haɗa ido da innata.

Kaka ta yi, aka fara yankan gero, hanya ta ƙara lalacewa. Muka ji an shiga ƙauyukan wajenmu, ba waya, ba mai zuwa. Waɗannan kwanakin ba na son tuna su. Sai ranar wata kasuwa da hantsi, a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, aka sauko da wani tsoho daga kan buhunan gero, da sandarsa da rediyonsa da ƙullin kaya ɗaya. Innata ta fito, ta gan shi, ta koma ɗaki da gudu, don ’yar fari ba ta kuka a gaban uba. Ni na yi kukan a madadinta, ina yi ina zaginsa.

Da ya sha ruwa na tambaye shi ina Bajimi. Ya ce yana zaure cikin mayafinsa. Ya ce wa gari Bajimi ya gaji, a yi haƙuri da ƙaramin, ya kuma zaunar da ladan ya koya masa, ya sa shi ya yi ta kira har mutanen fadama suka saba da muryarsa.

“Ka gaya musu gaskiyar gwajin?”

“In ce surukina maƙaryaci ne? A bar kaza cikin gashinta.”

“To me ya kawo ka, tunda kai ka ci?”

Ya harare ni. “Mutum ya zubar da gaskiyarshi a ƙasa don kada huskata ta zube. In na zauna aka kashe ni can, da wagga ƙarya zai kwana har shi mutu. Ba ni ɗora ma mutum wanga kaya.” Ya ƙara kurɓar ruwa. “Amma ki hwaɗa mai, kaifin nan yana nan.”

Ya yi rani ɗaya da damina ɗaya tare da mu. Ba zan ce ya ji daɗin Batsari ba. Yana zama a ƙofar gida yana kushe lasifikar kowane masallaci a unguwa, har ya san wanne ladan ne ke cusa makirfo cikin baki. Babana ya ci gaba da cire takalmi daga nesa. Saƙo ya ci gaba da bi ta kaina, ko da yake yanzu tsakaninsu bango ɗaya ne. Ba wanda ya taɓa ambaton ranar gwaji.

Da ciwo ya kwantar da shi, ƙirji ne ya kama, numfashi na yi masa wuya. Ana gobe zai rasu, bayan la’asar, ina zaune ina yi masa fifita, ya ce in kira mutumin Batsari. Babana ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Na gyara zama don in karɓi saƙo.

“Amarya, tashi ki ba mu wuri,” in ji Tsoho. “Yau ba ni son tahinta.”

Na fita, amma ban yi nisa ba, na tsaya jikin bango kusa da innata. Da farko ba mu ji komai ba. Can sai muryar Tsoho, ƙasa-ƙasa, sai ta babana tana cewa haka ne, Baba. Sai Tsoho ya ɗaga murya iya ƙarfin da ya rage masa: “Kada ka ƙara ce mini haka ne. Hwaɗi abin da ka sani.” Sannan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni, na ji babana ya ce wa surukinsa a’a. Ya ce a’a, Baba, ba kaifi ba ne, tsabta ce, kunnenka ne ya saba da kakari. Tsoho ya ce ƙarya ne. Babana ya ce wallahi ba ƙarya ba ne. Suka kaure, wannan na katse wancan, Tsoho na tari yana dariya yana cewa kawo hujja. Innata ta kama hannuna ta matse har ya yi zafi. Sun kai har kiran magariba.

Allah Ya jiƙan Tsoho, Ya yafe masa, Ya sa ya huta. Allah Ya mayar da mutanen ƙauyenmu gidajensu, Ya kawo ranar da ba wanda zai kwanta cikin kara yana jiran kira.

Da babana ya fito daga ɗakin, idanunsa sun yi ja, takalminsa a hannu. Na tare shi na ce, “Baba, wa ya ci?”

Ya share fuska da hannun riga.

“Ba mu gama ba,” in ji shi. “Ya ce in dawo gobe.”